Abin da Mabiyiya ke Faɗa Kafin a Binne Ta

Da zarar jinjiri ya faɗo, hankalin kowa ya koma kansa. Mabiyiya kuwa ungozoma ce za ta wanke ta, a haƙa rami a binne. To amma idan jaririn ya cika wata tara ya kuma zo ɗan mitsitsi, bai kai kilo biyu da rabi ba, sau da yawa dalilin yana rubuce a jikin wannan tsokar da aka rufe da ƙasa.

Lafiyayyar mabiyiya takan kai kusan rabin kilo. Tun a watannin farko take tura ƙwayoyinta cikin bangon mahaifa, su kutsa cikin wasu murɗaɗɗun jijiyoyin jini na uwa, su sassauta su har su buɗe kamar bakin mazurari. Daga nan jini ke kwarara a natse, yana wanke dubban ƙananan rassa masu kama da saiwoyi, inda tayi ke ɗibar abinci da iska. Da za a shimfiɗa waɗannan rassa, da sun rufe daɓen ɗan madaidaicin ɗaki.

Idan wannan aiki bai kammala ba, jijiyoyin sukan zauna a tsuke. Jinin ya ragu, ɗan jinin da ke isowa kuma yana fesowa da ƙarfi yana raunata rassan. Sai a tarar da mabiyiya ƙarama, rassanta sirara kuma tsiraru, ga wasu fararen tabo masu tauri inda tsokar ta mutu. Wani lokaci igiyar cibiya ma a gefe take manne. Wannan tsukewar ita ce kuma tushen hawan jinin masu ciki da kan kai ga jijjiga. A 2014 masana suka taru a Amsterdam suka daidaita sunayen waɗannan alamomi na jikin mabiyiya.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin maƙiyi, wato zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga sukan maƙale a mabiyiya, su cunkushe hanya, har su bar baƙin tabo da ake gani a madubin likita. Mai cikin fari ta fi shan wahala, kuma tana iya yawonta garau ba ko ciwon kai.

Shi ya sa zargin da ake ɗora wa uwa, wai ba ta cin abinci, yakan zama zalunci. Ko ta ci, hanyar ce a toshe.

Mabiyiyar da ta lalace ba ta gyaruwa, sai dai a riga ɓarnar. A wurin awo ana auna girman ciki da hawan jini, hoton ciki na nuna yadda jini ke gudana a igiyar cibiya, ana kuma ba da Fansidar don rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga mako na 13, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Matar da ta bari sai wata bakwai kafin ta fara awo ta riga ta rasa mafi yawan wannan dama.