Mami Wata, fim ɗin da ya ƙi launi

Masuntan gaɓar tekun Afirka ta Yamma sun daɗe da labarin Mami Wata, uwar ruwa mai azurtawa, mai kuma halakarwa. Mu da muka tashi ana tsorata mu da 'yan ruwa, labarin ba baƙo ba ne a kunnenmu. A 2023 C.J. Obasi, ɗan Najeriya, ya mayar da shi fim.

A bakin teku a Jamhuriyar Benin aka ɗauke shi, hoton baƙi da fari kawai, 'yan wasa na magana da Turancin buroka. Teku ya yi baƙi ƙirin da dare, farin zanen da ke fuskokin mata kuwa sai walƙiya yake. Wannan aikin ne ya sa mai ɗaukar hoton, Lílis Soares 'yar Burazil, ta sami kyauta a bikin Sundance na Amurka.

A labarin fim ɗin, a ƙauyen Iyi, Mama Efe ce tsani tsakanin jama'a da uwar ruwa, ita ake kai wa gaisuwa. Da wani yaro ya mutu ta kasa ceto shi, matasa suka ce sun gaji, asibiti da makaranta suke so. Ni dai ina ganin da gaskiyarsu. Amma masu yi musu alkawarin 'yanci da bindiga suka zo, mulkinsu ya fi na tsohuwar ɗaci. Nan fim ɗin ya fi taɓa ni.

Masu shirya fim a Kano, ku nemi wannan ku kalla.