Rariyar Masana Kimiyya

Ɗalibi, ka san yadda ake shiƙar riɗi a gonakin Garaku: iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zube a ƙwarya. Masana kimiyya ma suna da irin wannan aiki, sai dai abin da suke shiƙa ido ba ya ganinsa.

A cibiyar bincike ta CERN, kusa da birnin Janeba, kan iyakar Suwizalan da Faransa, akwai wata na'ura mai suna LHC. Tana cikin rami a ƙarƙashin ƙasa, zagayenta kilomita 27. A cikinta ake harba ƙananan ƙwayoyi da ake kira furoton, su yi gudu kusan na haske, sannan su yi karo da juna. Ayarinsu yana haɗuwa har sau miliyan 40 a sakan ɗaya. Manyan na'urorin lura, irin su ATLAS da CMS, suna ɗaukar bayanin abin da ya tarwatse.

To, a nan matsalar take. Babu rumbun kwamfutar da zai iya ɗauke wannan bayani duka, kuma yawancinsa abin da masana suka riga suka sani ne. Dole a zaɓa nan take. Saboda haka aka ƙera rariya mai hawa biyu. Hawa na farko na'urorin lantarki ne masu matuƙar sauri. Ba sa dogon nazari. Tambayarsu ita ce, shin akwai ƙwayar da ta fito da ƙarfi fiye da kima? Daga miliyan 40 sai su bar kimanin 100,000. Hawa na biyu dubban kwamfutoci ne, waɗanda ke duba ragowar da kyau, su ajiye kimanin 1,000 ko ƴan dubbai a sakan.

Ka lura da bambanci ɗaya. Manomi yana iya komawa ya tsince tsabar da ta bi ƙaiƙayi. A nan kuwa, abin da rariya ta zubar ya tafi har abada. Idan masana suka tsara ƙa'idar zaɓe ba daidai ba, za su iya zubar da abin da suka shekara suna nema ba tare da sun sani ba. A ganina wannan ne mafi wuya a aikin: yanke shawara tun kafin a ga abin.

Ƙwayar Higgs, wadda aka sanar da ganowarta ranar 4 ga Yuli, 2012, tana fitowa ne kusan sau ɗaya cikin karo biliyan ɗaya ko fiye. Ta cikin wannan rariya aka tsamo ta.