Lokacin da Ya Fi Kyau a Hau Dutse

'Yan'uwa ɗalibai, kusan kowannenmu in ya fita aiki za a ba shi darasin labarin ƙasa, kuma wata rana yara za su roƙe shi ya kai su bisa dutse. Roƙon nan mai kyau ne, gama gani ya kori ji. Amma malamin da ya fita da yara talatin ya ɗauki amanar iyaye talatin. Sabo da haka na ga ya kamata in bayyana abin da na sani game da lokacin hawan dutse a ƙasarmu ta Gombe, da yadda a ke yinsa.

Hawan da na ke nufi ba irin na Edmund Hillary da Tenzing Norgay ba ne, waɗanda su ka kai ƙololuwar Dutsen Everest a 1953 da igiya da gatarin ƙanƙara. Namu na hannu da ƙafa ne, watau a yi tafiya inda ta yiwu, a rarrafa inda dutse ya miƙe. A ƙasashen Turai a kan yi irin wannan a ƙarshen lokacin zafi, bayan ƙanƙara ta narke daga kan duwatsu. Mu ba mu da ƙanƙara. Ruwan sama da hazo su ne su ke yanka mana lokaci.

Ni ɗan Pantami ne, kuma daga unguwarmu duwatsu ba su da wuyar zuwa. In ka bi hanyar Biu, ba ka cika kilomita 40 ba za ka isa Dadin Kowa, inda Dutsen Bima ya ke kusa da Kogin Gongola. Dutsen yashi ne, watau yashin da ruwa ya jibge tun zamanin da, ya daskare ya zama dutse. In kuwa ka bi hanyar Kumo da Billiri, sai ka shiga ƙasar Tangale, inda Dutsen Kilang ya ke tsaye da tsininsa kusa da Kaltungo, gaba kuma ga tuddan Tula. Waɗansu duwatsu masu tsini na wannan yanki ragowar aman wuta ne: narkakken dutse ya sandare a maƙogwaron, iska da ruwa su ka cinye abin da ke kewaye.

To, yaushe za a tafi? Yara sun fi ɗokin watan Agusta da Satumba, domin ƙasa ta yi kore shar, ƙoramu na gudu. Ni dai ba na ba da shawarar haka, sabo da dalilai uku. Na fari, marka ta kan sa gansakuka ta fito a kan fa, mutum ya taka ya sulɓe. Na biyu, ƙoramar da ka tsallake da safe ba ta kai idon sawu ba, in an yi ruwa a bisa sai ka iske ta har ƙirji da la'asar. Na uku shi ne aradu, wadda ta fi faɗa wa wuri mai tsayi. Ga ɗan lissafi da za ku koya wa yara: ƙara ta kan yi tafiyar kilomita 1 cikin daƙiƙa 3. In kun ga walƙiya, ku ƙirga har ku ji tsawa. In ba ku kai 30 ba, hadari na kusa ƙwarai, sai sauka nan da nan, kuma kada a fake ƙarƙashin itacen da ke tsaye shi kaɗai.

In kuma aka jinkirta har Disamba, hazon hunturu ya rufe ƙasa. A sha wahala a kai bisa, sa'an nan ba a ga kogi ba, ba a ga gari ba, darasi ya tashi banza. Ashe lokacin da ya dace shi ne farkon kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, sama kuma garau ta ke. Daga bisa yaro zai ga gonakin dawa da hanyoyi da ƙauyuka a shimfiɗe kamar taswira, ya gane abin da allo ya kasa nuna masa.

Amma kaka ma tana da nata haɗari, shi ne maciji. Ciyawa ta yi tsawo, kuma ƙasar Kaltungo ta yi suna wajen kububuwa, wadda a ke yi wa kirari da gobe-da-nisa. Ƙaramar macijiya ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuwa ya kan hana jini daskarewa. Sabo da haka kowa ya sa takalmi rufaffe da dogon wando, kada a tura hannu cikin ramin da ido bai gani ba. In tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da hankalin yaron, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa. A Kaltungo akwai asibitin da a ke jinyar waɗanda maciji ya sara.

Wajen hawan kansa, ga ƙa'idar da ba a karyawa: cikin hannuwa biyu da ƙafafu biyu, uku su kama dutse kafin ɗaya ya motsa. A gwada kowane dutse kafin a dogara da shi, balle dutsen yashi mai saurin ɓarewa. Kada yaro ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, don abin da na sama ya turo kan na ƙasa zai faɗa. Saukowa ta fi hawa wuya, gama ƙafa ta gaji, ido kuma ba ya ganin inda za a taka sosai. A wuri mai tsayi a sauko ana fuskantar dutse, kamar mai saukowa daga tsani. A tashi da sassafe da isasshen ruwan sha, a yanke cewa rana na kaiwa tsaka za a juyo, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba.

Abu na ƙarshe, dutse yana da masu shi. Kakannin mutanen Tangale da Tula sun zauna bisa duwatsun nan zamanin yaƙe-yaƙe, akwai kuma wuraren da har yanzu a ke girmamawa. Kafin ku hau, ku nemi yardar hedimasta da iyaye, ku je ku gai da mai gari, ku roƙe shi ya ba ku ɗan jagora. Shi ya san inda ƙudan zuma su ke, ya san hanyar da ba ta ɓullewa.

Ina fata waɗanda su ka fito daga wajen Zariya, inda Dutsen Kufena ya ke, da na wajen Filato, za su rubuto mana yadda abin ya ke a wurarensu, mu ƙaru da juna.