Tsakanin Gungu da Tudu: Nisa da Daɗewar Tafiya a Tafkin Kainji

Masana labarin ƙasa sun kasa nisa gida biyu. Na farko shi ne nisan miƙaƙƙen layi, watau hanyar da tsuntsu ko jirgin sama ke bi. Na biyu shi ne nisan da matafiyi ke aunawa da lokacin da ya ɓata a hanya. A ƙasar Yauri an daɗe da sanin bambancinsu, domin Gungawa, mazauna tsibiran Kwara, da kwalekwale suke zuwa kasuwar Yelwa tun kaka da kakanni.

Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohon garin Busa da gungaye masu yawa, har da mafi yawan tsibirin Foge, aka sake wa mutum wajen 44,000 matsuguni. Tafkin da ya samu tsawonsa ya kai kilomita 135, fāɗinsa kuwa a inda ya fi buɗewa wajen kilomita 24 ne.

To, a ɗauki wannan kilomita 24 a yi lissafi. Ƙaramin jirgin sama mai gudun kilomita 200 a awa zai ƙetare shi cikin minti bakwai. Jirgin ruwa mai inji, in yana cin kilomita 16 a awa, sai ya yi awa ɗaya da rabi. Mai tuƙi da filafili, in yana cin kilomita huɗu, awa shida ke gabansa. Tun da yake babu filin saukar jirgin sama a gungu, lissafin farko a takarda kurum ya tsaya.

Ko a kan ruwa ma ba a bin miƙaƙƙen layi. Itatuwan da tafkin ya rufe sun bar kututture a ƙarƙashi, tilas matuƙi ya yi zagaye. Ruwan kuma hawa da sauka yake yi: farin ruwa na zuwa da damina, baƙin ruwa kuwa, wanda ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, sai da sanyi yake isowa. Idan tafki ya janye, mashiga kan yi nisa da gari. Ga hazon hunturu, ga guguwar farkon damina.

Abin da ya biyo baya kuwa ba ƙarami ba ne. Ɗanyen kifi ba ya jira, haka mai naƙuda. Saboda tsadar mai da ƙarancin jirage, akan cika jirgi fiye da kima ran kasuwa. A watan Mayu na 1921 da ɗari, watau 2021, wani jirgi da ya nufi Wara ta ƙasar Ngaski ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, kaɗan ne suka tsira.

Saboda haka duk mai shirya asibiti ko makaranta ko kasuwa domin mutanen gungu, daga Shanga har Ngaski, ya kamata ya auna nisa da agogo, ya kuma tambayi matuƙa kafin ya amince da taswira.