Ɗan kwaleji da garkar lakwal: abin da shekara guda ta koya mishi

Manoma da makiyaya da yawa suna da kuka guda game da lakwal. Sukan ce in yaro ya wuce kwaleji, gona ta rasa shi. Hannunshi ya yi laushi, bakinshi ya cika da faransanci, in an miƙa mishi hauya sai ya kau da kai. Wani lokaci kukan nan gaskiya ne. Amma a wasu kwalejoji yara suna da ayyukan da suke yi bayan an tashi daga aji, kamar garka, ƙungiyar gama kai, ƙwallo da wasan kwaikwayo. Ga misalin yadda shekara guda ta kasance ma wani yaro na ƙasar Madawa, cikin jihar Tawa, da ya shiga irin waɗannan ayyuka.

Sharaɗin uba

Yaron yana da shekara 15. Yana aji na uku na kwaleji, wanda ake ce ma katriyam. In ya wuce, aji guda ya rage mishi ya yi jarrabawar BEPC. Ƙauyensu babu kwaleji, don haka yana zaune cikin gari wurin wani aminin ubanshi. Kowane wata uban yakan aiko da tiyoyin hatsi ma mai masauki. Wannan hatsi daga rumbun iyali yake fita, kuma uban yana jin nauyinshi.

Da aka koma lakwal cikin watan Oktoba, uban ya gindaya sharaɗi. Ya ce in yaron bai wuce aji ba bana, karatu ya ƙare, sai ya bi yayyenshi bida. A kwaleji ana ba da maki bisa 20. Wanda ya samu 10 ya wuce. Wanda bai kai ba yakan maimaita aji, in kuwa makin ya yi ƙasa sosai sai a sallame shi.

Awaki sun cinye iri

Mushen da ke koyar da ilimin tsirrai da dabbobi ya tara yaran da ke son aikin garka. Su 40 suka fito, maza da mata. Suka kafa ƙungiyar gama kai, wadda ake ce ma koperatif. Kowa ya zuba dala 20, aka samu jika 4. Aka yi zaɓe da ɗaga hannu. Wata yarinya ta zama shugaba, yaron nan kuma ya zama ma'aji.

Noman rani ba baƙo ba ne a ƙasar. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su riƙe shi sosai. Albasa ƴar Galmi kuwa sunanta ya kai har Abijan da Akara. Saboda haka yaran suka zaɓi albasa, suka ƙara da ɗan salati da zogale a gefe.

Ƙarshen Oktoba suka gyara fangali kusa da rijiya, suka zuba iri, suka rufe da ciyawa. Iri ya fito da kyau. Amma kowa yana ɗokin ban ruwa, ba wanda ya kula da shinge. Wata Lahadi awakin unguwa suka shiga, suka cinye wani, suka tattake saura. Ran Litinin wasu yaran suka ce a tafi a kama masu awaki. Mushe ya tambaye su wanda ya bar garka babu shinge. Kowa ya yi shiru.

Sati guda suka yi suna jan ƙaya da kara. Sai da shinge ya tsaya da ƙofarshi sannan suka sake zuba iri, cikin ƙarshen Nuwamba. Asarar iri da ta wata guda ta koya ma yaron cewa shinge ake fara yi kafin shuka.

Dala 60 da ta ɓace

Cikin watan Disamba aka yi taron koperatif. Shugaba ta ce ma'aji ya kawo kaye da kuɗi. Aka karanta abin da aka saya: iri, igiya, guga, da gwangwanin ban ruwa guda biyu. Aka ƙirga abin da ya rage cikin akwati. Dala 60 ba ta nan. Wani yaro daga baya ya ɗaga murya ya ce ma'aji ya ci ƙosai da kuɗin jama'a. Aka yi dariya. Yaron ya kasa cin tuwo a daren nan, don sunan ɓarawo ba ya wankuwa da sauƙi, kuma labari yana iya kaiwa ƙauye.

Washegari mushe ya sa aka bi sayayya ɗaya bayan ɗaya. Can sai wani yaro ya tuna. Ranar da za a sake zuba iri, shi aka aika kasuwa da gaggawa. Ma'aji ya miƙa mishi dala 60 a bakin ƙofa, ya ce zai rubuta in an jima, kuma ya manta.

Tun daga ranar aka kafa doka. Kuɗi ba su fita sai an rubuta rana, da yawansu, da dalili. Mai bayarwa ya sa hannu, mai karɓa ya sa hannu. Duk ƙarshen wata a karanta kaye gaban kowa. Manyan da ke riƙe da kuɗin ƙungiyar ƙauye ko bankin cimaka sun san irin wannan rigima. Sau da yawa babu ɓarawo, rashin rubutu ne kawai ke raba zumunta. Wanda ya koyi karatu da lissafi a makarantar yaƙi da jahilci yana iya riƙe kaye kamar na yaron nan.

Taura biyu ba ta taunuwa

Farkon Janairu iri ya yi kwana 45. Aka tuge shi, aka dasa layi layi, da tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe. Aka raba ban ruwa, kowace rana da ayarinta.

Cikin Fabrairu wasu ƙananan ƙwari suka hau ganyen, ya fara yin fari fari. Koperatif ba ta da kuɗin magani. Mushe ya nuna musu dabarar bedi, wato dogon yaro. Ana daka busassun ƴaƴan bedi rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 su kwana. Da safe a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece in rana ta yi sanyi. Ana maimaitawa kowane sati. Ƙwarin suka ragu, albasa ta farfaɗo.

Amma yaron ya ɗauko kaya da yawa. Yana garka, yana riƙe kaye, yana tsaron gida a ƙwallo, kuma ya karɓi matsayin sarki cikin wasan kwaikwayo. In dare ya yi, da ya buɗe littafi sai barci. Da aka ba da takardar maki ta tsakiyar shekara, 9 ya samu.

Ran kasuwa uban ya zo gari. Aka karanta mishi takarda. Ranshi ya ɓaci, ya ce ai in noma ne akwai gona a gida, bai aiko da hatsi don a yi ma lakwal ban ruwa ba. Yaron ya durƙusa ya ce: "Baba, a yi mini haƙuri zuwa Yuni." Mai masauki ya sa baki. Suka tafi tare wurin mushe, aka zauna aka auna lokaci. Yaron ya bar wasan kwaikwayo. Ƙwallo ta koma ran Asabar kaɗai. Garka sau biyu a sati. Kowane dare bayan sallar isha'i, shi da abokai uku suna bitar lissafi da faransanci. Barin wasan ya yi mishi zafi, don ranar da aka nuna shi wani yaro ne ya sa rawanin sarki aka yi ta tafa mishi.

A sayar ko a ajiye?

Cikin Afrilu ganyen albasa ya kwanta. Aka tsaida ban ruwa wajen sati biyu, aka tone, aka shanya a inuwa. Buhu 4 aka samu. Lokacin nan albasa ta cika kasuwa, kuɗinta ya faɗi ƙasa. Wasu yaran suka ce a sayar duka a yi walima. Wasu suka ce a ajiye har kuɗi su tashi. Gardama ta yi zafi. Ma'aji ya buɗe kaye ya nuna abin da ake bukata na irin baɗi da gyaran igiya. Aka jefa ƙuri'a. Aka sayar da buhu 2. Sauran 2 aka kai rudun uban wata yarinya, aka rubuta yarjejeniya, shaidu suka sa hannu.

Sassabe a gonar gida

Wata Asabar cikin Mayu yaron ya tafi ƙauye, ya iske ubanshi yana sassabe. Kamar kullum, ana sare duk wani tofo, a tara a ƙone. Yaron ya ba shi labarin sassaben zamani da mushe ya koya musu. Dabarar ta fara yaɗuwa a ƙasar Maradi wajen 1984. In kututturen sabara, ko kalgo, ko gawo ya yi tofo, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a bari, a sare sauran. Saiwar tana da rai a ƙasa, don haka itacen yakan tashi da sauri ba tare da ban ruwa ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun maido da itace a kan wajen hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Gawo ma yana zubar da ganye da damana, ba ya tare ma hatsi rana.

Uban ya ce itace yana jawo tsuntsaye. Yaron bai yi musu da shi ba. Ya roƙi a ba shi kusurwa guda ta gona ya gwada. Uban ya yi shiru, sannan ya nuna mishi gefen da iska ke kwashe ƙasa. Nan yaron ya gyara kututture 12.

Ƙarshen Yuni takardar maki ta fito. Ya samu 11, ya wuce aji na ƙarshe. Damana duka a gonar gida ya yi ta, tun daga shuka har noma na biyu.

Ranar itace da buɗe rudu

Ran 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, ita ce ranar dashen itace tun 1975. Ƴan koperatif suka haɗu a lakwal. Sun ga cewa mafi yawan itatuwan bara sun mutu, don an dasa an watse. Bana suka dasa kaɗan, kowane da ƙayarshi da sunan yaron da zai ba shi ruwa in rani ya yi.

Cikin Oktoba aka buɗe rudu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na albasar ya ruɓe ko ya bushe. Duk da haka abin da ya rage ya kawo kuɗin da suka fi na buhu 2 da aka sayar a Afrilu. Aka rubuta cikin kaye, aka yi sabon zaɓe. Yaron ya miƙa akwati ma wata ƴar ƙaramin aji, don shekarar jarrabawa ce gabanshi. Ya zauna da ita yini guda yana nuna mata yadda ake jan layi da sa hannu.

Kira ga iyaye

Ya ku manoma da makiyaya, in ɗanku ko ɗiyarku na kwaleji, ku tambaye su abin da suke yi bayan aji. Ran kasuwa ku biya ta lakwal ku gaisa da mushe, ku sa a karanta muku takardar maki. In maki na faɗuwa, a rage kaya, kada a hana duka. Wanda ke da taki, ko ƙaya, ko gurbi cikin rudu, ya taimaka ma garkar yara. In kuma yaro ya zo gida da wata dabara, a ba shi kusurwar gona ya gwada, a ga abin da damana za ta nuna.

Allah ya raya zuri'a, ya ba da damana mai albarka.