Gidajen Kakanni a Sakaba Ma Tarihi Ne

Tsohuwar fadar Argungu ta daina zama mazaunin sarki a 1942, amma ba a bar ta ta zube ba. A 1958 aka mayar da ita Gidan Tarihi na Kanta, kuma har yau ana zuwa ganinta. Wannan gata da fada ta samu, gidan talaka bai same shi ba. A ƙasar Sakaba, cikin masarautar Zuru, kufan mutanen farko, da ɗakunan tubali masu jinka, da rumbunan da Dakarkari da Kambari suka gina da hannunsu, suna ta narkewa damina bayan damina. Alhali su ne shaidar yadda aka sari daji, aka kafa gari, aka adana dawa da gero daga kaka zuwa kaka.

Wani zai ce ginin ƙasa ba ya jure zamani, gara kowa ya rungumi bulo da kwano. Masallacin Jenne na ƙasar Mali ya isa amsa: tun 1907 yake tsaye da laka, domin duk shekara mutanen gari na fitowa gayya su yi masa yaɓe. Abin da ke kashe ginin ƙasa shi ne sakaci: ruwa ya ci gindin bango, gara ta shiga azara, jinka ta ruɓe ba mai sabuntawa. Ba a ce kowa ya dawwama a ɗakin kakansa ba. Gida ɗaya ko biyu da za a adana a kowane tsohon gari sun wadatar.

Wani kuma zai ce yankin da 'yan bindiga suka addaba yana da abin da ya fi wannan gaggawa. Gaskiya ne, rai ya fi gini. Sai dai ƙauyen da aka watse, shi ya fi saurin ɓacewa daga tunanin 'ya'yansa, don haka rashin tsaron ma dalili ne na hanzartawa.

Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ba za ta iya leƙa kowane lungu ba. Aikin na hakimai da dagatai da ƙaramar hukuma ne: su rubuta gidajen, a ɗauki hoto, a naɗi bayanin dattawa, a biya tsofaffin magina su koya wa matasa kwaɓa ƙasa da ɗinkin jinka tun suna da ƙarfin hawa bango.