Wani Lokaci na Aikatau a Faransanci da Aka Fi Karantawa da Ji

Ɗalibin da ke koyon Faransanci zai iya shekaru yana sauraron rediyo da hira da masu harshen, bai taɓa jin an ce “qu'il eût parlé” ba. Amma da zarar ya buɗe littattafan Victor Hugo ko Gustave Flaubert, ko kuwa L'Enfant noir na Camara Laye wanda ya fito a 1953, sai ya yi ta cin karo da irin wannan gini. Masana nahawu suna kiran sa plus-que-parfait du subjonctif. Ɗalibai da yawa sukan ji tsoronsa, alhali ƙa'idarsa gajera ce.

Mene ne aikinsa?

A Faransanci, idan jimla ta ƙunshi shakka ko buri ko tsoro ko nadama, aikatau na biyu yakan ɗauki siga ta musamman da ake kira subjonctif. To, idan maganar ta shafi abin da ya shuɗe, kuma aikin da ake shakka a kansa ya riga shakkar faruwa, sai marubuci ya yi amfani da wannan lokaci. Alal misali: “Le maître doutait que l'élève eût compris.” Wato malam yana shakkar ko ɗalibin ya riga ya fahimta.

Aiki na biyu shi ne bayyana abin da bai faru ba, kamar yadda Bahaushe ke cewa “da ya zo, da ya ga sarki.” A rubutun adabi sai a ce: “S'il fût venu, il eût vu le roi.”

Yadda ake gina shi

Sassa biyu ne kacal. Na farko mataimakin aikatau, avoir ko être, na biyu kuma siffar aikatau mai nuna an gama aiki, wadda ake kira participe passé. Ga parler, yin magana: que j'eusse parlé, que tu eusses parlé, qu'il eût parlé, que nous eussions parlé, que vous eussiez parlé, qu'ils eussent parlé.

Aikatau irin su venir da partir da arriver suna tafiya da être: que je fusse venu, que tu fusses venu, qu'il fût venu, que nous fussions venus, que vous fussiez venus, qu'ils fussent venus. A nan siffar aikatau tana bin jinsi da adadin mai aiki, shi ya sa ake rubuta “qu'elle fût venue” ga mace. Duk wanda ya haddace waɗannan kalmomi goma sha biyu, ya kuma san participe passé, ya gama da kowane aikatau a harshen.

'Yar hular da ke kayar da ɗalibai

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne mutum na uku tilo. “Il eut fini” da “qu'il eût fini” furucinsu ɗaya ne, amma lokutansu daban. Na farko, marar hula, yana ba da labarin abin da ya tabbata. Na biyu shi ne namu. Dabarar rarrabewa ita ce a mayar da jimlar jam'i. “Quand il eut fini” zai koma “quand ils eurent fini”, shi kuwa “bien qu'il eût fini” ya koma “bien qu'ils eussent fini”. In kunne ya nemi eussent, to sai a sa hula.

Wannan alama tana da tarihi. A da “eust” da “fust” ake rubutawa. Da aka daina furta harafin s, sai Académie française, wadda aka kafa a 1635, ta maye gurbin irin wannan s da hular a ƙamusunta na 1740. Gyaran rubutu na 1990 ya ba da damar cire ta daga kan i da u a kalmomi masu yawa, amma ya bar ta a wannan wuri. Su kansu eusse da fusse daga Latin suka fito, wato habuissem da fuissem.

Abin sha'awa, Hausa tana da kishiyar wannan matsala. “Ya zo” a cikin “Audu ya zo” da kuma a cikin “ina so Audu ya zo” rubutunsu ɗaya ne, amma tsawon wasali da karin sauti sun bambanta su. Wato Bahaushe yana jin bambancin da ba ya rubutawa, Bafaranshe kuwa yana rubuta bambancin da ba ya ji.

Shawara ga malamai da ɗalibai

A maganar yau da kullum ana cewa “ait compris” a madadin “eût compris”, da “aurait vu” a madadin “eût vu”, ba tare da an ga laifin kowa ba. Saboda haka ya kamata malami ya fi ba da ƙarfi ga gane wannan lokaci a cikin karatu, kafin tilasta amfani da shi a insha'i. Ɗalibin da ya ɗauki “il eût gagné” a matsayin “ya ci nasara” ya juya labarin gaba ɗaya, domin marubucin cewa ya yi da ya ci nasara, amma bai ci ba.